Ranar da Baturiya Ta Zo Duba Talauci

Wani ne a tsibirinmu na Ha'apai, ba zan kama suna ba don bencinmu ɗaya a coci. 'Yarsa Kalolaine ta cinye jarrabawa kaf, ta nemi tallafin karatun likita a New Zealand. Sharaɗi biyu ne: yarinya mai ƙwaƙwalwa, uba marar hali. Duka biyun Allah ya hore masa.

Sai ga takarda, wai masu tallafin za su turo wata baturiya ranar Talata ta ga gidan da idonta.

Matarsa Latai ta ce, "Baban Kalo, talaucinmu za ta zo gani. Don Allah ka bar shi yadda yake."

Ya ce, "Baƙuwa ta ƙetaro teku ta zauna a kan yagaggiyar tabarma? Da wane ido zan kalli mutane?"

Kun dai san halinmu da baƙo. Kafin Litinin ya aro kujerun coci, da talabijin ɗin malamin makaranta, da firijin fasto. Ni na kama masa gindin firijin, har ina ba da shawarar inda zai fi fitowa. Gidan ko lantarki babu. Motar surukinsa, wadda rabonta da tashi tun guguwar bara waccan, mu takwas muka turo ta ƙofar gida. Aladensa ɗaya tal, shi ma aka gasa.

Baturiya ta iso. Ta dubi mota, ta rubuta. Ta dubi firiji, ta rubuta. Ta dubi alade kwance a kan tulin doya, ta juya sabon shafi.

Ta ce, "Ba ni labarin ƙoƙarin Kalolaine."

A wurinmu kuwa, yabon ɗanka a gaban baƙo rashin tarbiyya ne. Gogan ya sunkuyar da kai.

"Wannan? Ai ba ta san komai ba. Daga ci sai barci."

"Amma ita ta zo ta ɗaya a duk tsibirin."

"Sauran ne ba su da lafiya ranar."

"Tana dai son aikin likita?"

"Ranki ya daɗe, ko kifi ake gyarawa sai ta gudu."

Mu duka muka gyaɗa kai, muna cewa kai, mutumin nan ya iya magana.

Bayan sati biyu amsa ta zo: ba a ba ta ba. Yarinya ta kwana biyu a ɗaki tana kuka, ni kaina na ji kunyar firijin nan. Latai ta tasa mijinta a gaba, suka hau jirgin ruwa sai ofishin masu tallafin a Nuku'alofa, babban birnin ƙasarmu.

Ma'aikacin ɗan gida ne. Ya karanta rahoton baturiya da ƙarfi: attajiri mai mota, da daƙiƙiyar 'ya. Ya ɗago kai.

"Baba, firijin na wa?"

"Na fasto."

"Na sani, kai ne na huɗu da ya yi irin wannan aron a bana. Akwai gyara, amma yau nake rufe fayil. Ka faɗa da bakinka cewa ba ka da komai, kuma 'yarka haziƙa ce. In rubuta, ka sa hannu."

Gogan ya waiga. Ofis cike da mutane, har da biyu 'yan tsibirinmu sun kasa kunne. Ya juyo wajen ma'aikacin.

"To, ba za a ce babu ba. Akwai dai rufin asiri."

"Yarinyar fa?"

"Ta fara gane hagu da dama."

Ma'aikaci ya dafe kai, ya juya wajen Latai. "Mama, ki taimake ni. Me kuka mallaka a gidan nan?"

Ta ce, "Ɗana, rubuta. Duk abin da baturiya ta gani na aro ne." Ta nuna mijinta da baki. "Wannan kaɗai ne namu, shi kuwa shekara ashirin ba wanda ya taɓa zuwa aronsa."