Ƙwayar Alhaji Tanimu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da ranar da aka fitar da ni daga wajen ɗaurin aure a goye.

Ni dillalin shinkafa ne a Babbar Kasuwar Kaduna, kuma shagona na jikin na Alhaji Tanimu. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma sai ka ga ya sunkuci buhu ya ɗora a kan baro yana raha. Masu saye su yi ta cewa, "Kai, Alhaji, ba ka tsufa!" Ni kuwa in na tashi daga benci sai gwiwa ta yi ƙara. Ban taɓa ce masa komai ba, amma abin yana ci na.

Sai na lura kullum bayan karin kumallo yana haɗiyar wata farar ƙwaya. Ranar da ya tafi alwala na leƙa robar da ƙwayar take ciki: maganin ƙarfin ƙashi ne, kalsiyam da bitamin D. Na ce ashe nan asirin yake.

Tambayarsa? Allah ya kiyaye. Ni mutumin sari ne, don haka katan guda na saya (ya fi sauƙi, wannan kam har gobe ina kan bakana). Na yi lissafi irin namu: in ɗaya ta mai da tsoho haka, huɗu fa? Sai na kama haɗiyar huɗu kullum.

Da aka kwana biyu sai ƙishirwa ta sa ni gaba. In sha ruwa, in zaga, in dawo in sake sha. Bayan gida ya ɗauke, abinci ya fita raina, ga kasala, ga mantuwa. Maiɗakina ta ce, "Baban Ummi, ka je asibiti mana." Na ce mata magani ne yake aiki.

Ana cikin haka aka sa auren ɗan ƙanena da 'yar Alhaji Tanimu, a wani masallaci a Malali. Ni ne wakilin ango, shi ne waliyyin amarya. Muka zauna gaban liman gwiwa da gwiwa, kaina yana juyawa, sunan yaron da na raina da hannuna ya ɓace mini ƙaf. Liman ya miƙo mini lasifika.

"Bismillah, Alhaji, nemi aure."

Na dubi Tanimu, fuskarsa sai sheƙi take. Abin da ya fito daga bakina, har masu tsayuwa a waje suka ji, shi ne: "Wai don Allah, kai guda nawa kake sha?"

Na yunƙura zan tashi, na zube. Kuma duk samarin da ke wurin, Tanimu ne ya riga su, ya goya ni har mota.

A asibiti aka ɗebi jini. Likita ta ce kalsiyam ya yi mini yawa, shi ya kawo ƙishirwar da ruɗewar, kuma da na ƙara jinkiri da ƙoda ta taɓu. Ta ce wani lokaci wasu 'yan ƙananan halittu da ke cikin wuyan mutum ne ke jawo shi, ko wata cuta, za su bincika. "Amma tukuna, Baba, kana shan wani abu?"

Na ce a'a. Maiɗakina ta ce, "Katan ne, likita, yana ƙarƙashin gado."

Aka yi ta yi mini ƙarin ruwa, aka hana ni ƙwayar, aka ce in riƙa shan ruwa da dawowa gwaji. Tanimu ya zo dubiya da lemo.

"Haba maƙwabci, da ka tambaye ni! Guda ɗaya ce. Gwaji aka yi mini aka ga kalsiyam ɗina ya yi ƙasa, likita ya rubuta. Buhu kuwa tun ina yaro nake ɗauka."

Ashe maganin rashin lafiyar mutum na zauna ina wa hassada. Yanzu ko farasitamol na ga wani yana sha, sai in tambayi abin da ke damunsa kafin in yi sha'awa.

An ɗaura auren ba ni. Abin da ya rage mini na haushi shi ne bidiyon bikin: duk wanda ya kalla, ba ya tambayar jikina, sai dai ya ce, "Kai, Alhaji Tanimu akwai ƙarfi!"