Yadda Za Ka Sha Maganin Asma Ba Tare da Ka Tambayi Kowa Ba

Ɗan'uwa, idan likita ya rubuta maka ɗan abin robar nan mai garin magani a ciki, ga hanyar kare mutuncinka. Tana aiki, babu tantama. Maƙwabcina, alƙalin wasan ƙwallon unguwarmu, ya bi ta tiryan-tiryan.

1. Kada ka saurari bayani.
Da mai ba da magani ta fara nuna maka, ka ce, "Na sani." Mutumin da ke korar ƙarti daga fili da kati ɗaya ba a koya masa numfashi.

2. Ka bar bakinka ya yi abin da ya saba.
Alƙali ya juya abin, ya ga yana da wurin sa baki kamar usur. To, me ake yi da usur? Ya cika kumatu ya hura. Garin ya tashi ya sauka a madubin ɗaki.

3. Ka yabi maganin.
"Yaya ƙirjin?" in ji matarsa, tana goge madubin.
"Wasai."
"Anya kuwa haka ake…"
"Na sani."
Ka riƙa taƙaita magana, doguwar jimla tana tona asiri.

4. Ka nemo mai laifi.
Fanka, turaren matarka, wanda ya gina benen. Kowa dai ban da kai.

5. Ka karɓi wasan ƙarshe na gasa.
Alƙali ya daɗe yana mafarkinsa. Ana tsaka da wasa aka kwashe ƙafar wani a gaban raga, kowa ya gani, kowa ya juyo. Ya sa usur a baki. Shiru. Ƙirjinsa ne kaɗai ke busa. Ya durƙusa a ciyawa, tsoro ya kama shi sosai.

6. Kada ka bari matarka ta zo kallo.
Nan ya yi sake. Ta ratso fili da abin a hannu, ta durƙusa kusa da shi.
"Malam, zuƙa ake yi. Da ƙarfi, sannan ka riƙe."
"Na sa…"
"Madubin ya warke. Saura kai."
Ya zuƙa, a gaban jama'a.

Gargaɗi: duk wanda ya bi matakan nan, shi ya jiyo, babu ruwana. Usur dai yanzu yana wuyan wani. Alƙali kuwa yana benci, numfashi lafiya lau, yana gaya wa kowa cewa dama ya sani.