Jan Layi a Bokitin Kaftin

"Sannu da zuwa, mai gidan da ba ya shigowa gida sai don ya canza riga."

"Yauwa, uwargida. Ashe kina nan? Na ɗauka kafin in dawo masu sayen tsofaffin kaya sun zo sun yi gaba da ke."

"Ina nan daram. Ba inda za ni sai na ga furfurarka."

Haka Kaka da jikanta suke gaisawa kullum, wanda bai san su ba sai ya ce faɗa ake. Shi direban bas ne, tun asuba yake fita. Yau da la'asar ya shigo yana jan ƙafa, ya yar da takalmi a bakin ƙofa, ɗaya gabas ɗaya yamma. Su uku ne a gidan: shi, da Kaka da ta dawo wurinsa bara saboda ciwon gwiwa, sai Kaftin, karen da ya tsinto yana ɗan kwikwiyo a bayan tasha, wanda ke zaune a 'yar farfajiyar baya. Kaka ba ta taɓa yarda ta kira shi Kaftin ba. Ci-ka-kwanta take ce masa.

Hidimar kare kuwa ba ta da ranar ƙarewa. Yau abinci, gobe maganin kaska, jibi sabulun wanka, gata ledar kwasar kashi. Direba ya manna takarda a ƙofar firij ya jera su duka, sannan ya ja jan layi a cikin bokitin abincin, da nufin duk ranar da ƙwayoyin abincin suka sauka kan layin zai je ya sayo buhu. Shagon yana can wancan gefen gari, kuma buhun a kafaɗa yake zuwa gida. Bawan Allah ya gaji, gajiya ta gaske. Wani abokin aikinsa mai babban fili ya ce zai karɓi karen ranar Lahadi, shi kuma ya amsa. Bai gaya wa Kaka ba, don a zatonsa guɗa za ta yi.

"Je ka ba ɗanka abinci," in ji Kaka. "Tun ɗazu yake kallona kamar ni na haife shi."

"Ai da ke ya yi kama. Dubi kunnen."

"Kai kuwa hancin ya ɗauko maka. Wuce ka ba ni wuri."

Ya buɗe bokitin. Abinci yana nan sama da layi da kusan taƙi guda, kamar yadda ya bar shi jiya, kamar kuma yadda ya bar shi shekaranjiya. Ya cusa gwangwanin awo, sai ya ji ƙwal. Ya sa hannu ya tona, ya zaro wata ƙatuwar langa a kife. Yana cire ta, ɗan abincin da ke lulluɓe da ita ya zube ƙasan bokiti, ko cin yau ba zai kai ba.

Ya daɗe a tsugunne yana kallon langar.

"Kaka."

"Na'am, angon bana."

"Langar wa ce wannan?"

"Wace langa? Idona ba ya gani da la'asar."

"Idon da ke hango ɓawon gyaɗa a ƙarƙashin gadona? Taki ce, ga fentinta da ya ɓare a baki."

"To, wataƙila shi ya ɗauko. Kare ne fa, me ba ya ɗauka?"

"Ya ɗauko, ya buɗe murfi, ya kifa ta, ya rufa mata abinci, ya mayar da murfi?"

"Kai ka ce yana da basira. Kullum kana cika mini kunne da basirarsa, yau ya nuna maka kana musu."

"Rana dubu ta ɓarawo, tsohuwa. Sati biyu ina buɗe bokitin nan ina cewa Allah ya sa masa albarka, ashe albarkar langa ce."

"Ɓarawo? Ni? Me zan yi da wannan tsakuwar? Haƙorana huɗu, kuma ina ji da su."

"Ban ce kin ci ba. Gwangwani biyu ne cinsa a yini, ɗaya safe ɗaya yamma. Nawa kike ƙara masa?"

"Ni da ko inuwarsa ba na so ta taɓa zanina?"

"Nawa?"

"Ɗan na hantsi."

"Sai me?"

"Da ɗan na azahar. Kai ba ka cin na rana?"

"Shi ya sa! Na ga ya zama kamar buhun siminti, na ce ko iskar gidan nan ce ta karɓe shi. Da yana tsallake ɗan bencin nan, yanzu sai ya tsaya ya yi shawara da shi."

"Ka ji mai magana. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Kai yaushe rabonka da ganin yatsun ƙafarka? Sitiyari ma haƙuri yake yi da cikinka."

Direba ya zauna daɓas a ƙasa ya jingina da bango, langar a cinyarsa. Kaftin ya matso ya leƙa bokiti, ya dubi ubangidansa, sannan ya zagaya ya kwanta nesa kaɗan da kujerar Kaka, daidai inda sandarta ba ta kaiwa. Daga ganin yadda ya kwanta, wurin ba baƙonsa ba ne.

"Kin san abin da kika jawo mini? Yanzu sai na sake sa takalmi na ratsa gari. Tun asuba nake zaune a bayan sitiyari, bayana kamar an daka. Don kar haka ta faru na ja layin nan, don kar haka ta faru na rubuta takardar can."

"Takardar can? Wadda ta zama ado? Karanta mini ita, malamin rubutu."

"Ba na tashi."

"To ni in karanta maka, da ban yi boko ba. Maganin kaska ranar Alhamis ya kamata a ɗiga masa a wuya, yau Asabar, kwalbar kuma babu komai ciki, na girgiza. Sabulunsa ya zama kamar farce. Ledar kashi saura uku. Maganin tsutsa tun watan jiya ya ƙare, kwalinsa kawai kake ajiya kamar gado. Igiyarsa ta fara tsinkewa wajen ƙarfen, ran nan saura ƙiris ya bi mai keke."

"Duk wannan a ina kika rubuta?"

"A nan," ta ce, tana ƙwanƙwasa goshinta. "Da tsohuwar zuma ake magani, yaro."

"Tsohuwar zuma ba ta kifa langa a bokiti. To ki kwantar da hankalinki, wahalar ta ƙare mana duka. Gobe za a zo a tafi da shi. Sai ki shanya zaninki ko'ina, ba mai shinshina miki."

Ya jira guɗa, bai ji ba. Kaka ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, duk da ba abin da ya same shi.

"Na sani."

"Kin sani?"

"Gwiwata ce ta tsufa, ba kunnena ba. Ina jin ka a waya kana cewa zirga-zirgar buhu ta ishe ka. Na ce to, idan ya ga abinci yana saurin sauka, zai ce a zo a ɗauka tun kafin ranar. Idan kuwa ya ga yana auki, ƙila ya huce. Shi ne na sa langar, kullum ina tattaro ragowar abincin ina lulluɓe ta."

"Kin yi tunanin ranar da zai ƙare?"

"Na ce kafin nan Allah zai kawo dabara. Bai kawo ba, sai ya kawo ka."

"To ki daina ƙarin mana, ba shi ke nan ba?"

"Na gwada. Kwana ɗaya na yi. Ya zo ya zauna can yana kallona, ni kuma ina cin nawa. Kai za ka iya?"

"Kaka, ke fa kika ce ranar da na kawo ki gidan nan, ko ke ko shi."

"Na ce. Sabo turken wawa, ni ce wawar. Kana fita tun duhu, ka dawo ka ci ka yi minshari. Daga safe zuwa yamma wa kake tsammani nake yi wa magana? Firij? Shi dai ina zaginsa yana kaɗa jela. Ran nan da gwiwar ta riƙe ni a bakin famfo, shi ya yi ta haushi har maƙwabciya ta leƙo ta ɗaga ni. Ban gaya maka ba don kar ka ce za ka bar aiki. Idan za ka ba da shi, ka tambayi mutumin ko yana karɓar tsohuwa, ka haɗa mu a mota ɗaya. Ni ba na cin gwangwani huɗu."

Direba ya ji kunya ta kama shi, da tausayi. Shekara guda yana lissafin abin da ke ƙarewa a gidan nan, bai taɓa tambayar yadda tsohuwar ke cinye yininta ba. Ya shafa fuska, sai dariya ta ƙwace masa, irin ta wanda ba shi da ƙarfin yin ta.

"Wa zai karɓe ki? Ko kyauta aka ba shi, washegari zai dawo mini da ke."

"Da kai da shi duk ba ku isa ba."

Ya zaro waya ya kira abokin nasa. "Ka yi haƙuri, maganar gobe ta fasa. Uwargida ta hana. Eh, ita. A'a, ba a musu da ita, sanda gare ta."

Ya kashe, ya jawo takalmi yana nishi.

"Kin ci ni, tsohuwa. Amma gwangwani biyu ne a yini. Ki raba su gida huɗu in kina so, ki ba shi da hannunki, ni na sauka daga muƙamin."

"Na karɓa. Dama ba ka iya ba. Tsaya, kar ka fita."

Ta dogara sanda ta shiga ɗaki, ta daɗe tana jan abubuwa. Can ta fito tana turo jakar kasuwarta mai taya biyu, wadda take rufewa da zani a bayan gado, ko 'ya'yan cikinta ba ta taɓa ara wa ba.

"Ungo. Ka daina ɗauko buhu a kafaɗa kamar jaki, na bar maka ita."

"Ni kika ba? Yau za a yi ruwa."

"Ba don kai ba ne, ja'iri. Idan bayanka ya karye, wa zai sayo mana abinci?"