Hudar Tukunyar Madam Chinenye

Wani ne a Fagge, irinmu ɗin nan da muka sauke karatun duniya a cikin waya. Ya kalli bidiyon walda har ya fara ganin masu walda na bakin titi ba su iya ba. Ranar da albashi ya shigo bai zame ko'ina ba sai Sabon Gari, shagon wani Nwabueze. Ya sayi ɗan injin walda na gida wanda ake kira mig, mai turo waya da kansa ta bakin bindiga.

Nwabueze ya tambaye shi me zai liƙa. Ya ce komai. Nwabueze ya ce in baƙin ƙarfe ne wayar da ke ciki ta isa, amma in alminiyam ne sai ya sauya waya, ya sayi silindar iskar agon, ya kuma fara koyo a kan tarkace. Mutumin ya yi murmushin wanda ya gano wayon ɗan kasuwa.

"Oga, ni za ka ɗora wa kaya? Ƙarfe ai ƙarfe ne."

Da ya koma gida ya liƙa ƙafar kujera. Ta tsaya, sai dai ta ɗan karkata gefe kamar mai sauraron gulma. Daga ranar duk wanda bai kira shi Injiniya ba, ba ya amsawa. Matsalar ɗaya ce, komai na gidan lafiyarsa ƙalau. Ya riƙa zagayawa yana jijjiga ƙofofi ko Allah zai sa wata ta ɓalle.

Ana haka matarsa Ni'ima ta aro wata ƙatuwar tukunyar alminiyam don sunan ƙanwarta. Ta ƙawarta ce, Madam Chinenye, mai sayar da abinci a Sabon Gari. Gadon uwarta ce, kuma ta ja wa Ni'ima kunne ta dawo da ita kafin Asabar, don a ciki za a dafa shinkafar bikin 'yarta.

An gama suna, an wanke tukunya, an kife a tsakar gida. Injiniya ya zo wucewa ya hangi wani ɗan tsumma a gindinta. Ya zare, sai ga huda kamar ƙwayar gero. Wallahi daɗin da ya ji ko ranar angwancinsa bai ji irinsa ba.

Ni'ima ta ce ya mayar da tsumman, tun ana goyon Madam da shi ake girki, ana shafa masa ɗan ƙullun gari shi ke nan. Ya ce abin kunya ne tukunya ta kwana a gidan injiniya ta fita da tsumma. Ya jira har ta sa mayafi ta tafi unguwa.

Ya jona inji, ya rufe fuska, ya danna. Waya ta yi tartsatsi, ta dunƙule, ta gangara ƙasa, tukunya ko a jikinta. Ya ce wuta ce ta yi kaɗan, ya murɗa ta har ƙarshe. Abu ɗaya ya riƙe daga karatunsa: ƙarfe sai ya yi ja kafin ya narke. Ya kafa bindiga a wurin yana jiran ja. Shi kuwa alminiyam ba ya ja, ba ya sallama. Yana nan fari tas, sai kawai wurin ya zube.

Ƙwayar gero ta zama bakin kofi.

Bai karaya ba. Ya yanko murfin tukunyar ya yi faci, facin ya bi sahu, ya tafi da na kusa da shi. Ya ɓalle hannayen tukunyar ya cusa, su ma suka narke. Da Ni'ima ta dawo ta tarar da shi zaune a tsakiyar tukunyar, ta zagaye shi kamar bakin rijiya, yana tsintar ɗigon alminiyam a cikin ƙasa.

Ta yi salati ta dafa bango. Ya ce ta kwantar da hankalinta, yoyo dai an gama da shi.

Washegari ya tattara komai a buhu ya kai wa wani Malam Gana, mai narka tsofaffin tukwane yana zuba sababbi. Malam Gana ya zazzage buhun, ya tambaya ko gobara aka yi. Ya ce a'a, gyara ne. Malam Gana ya yi masa jaje duk da haka. Ya ware wanda ya cakuɗe da waya, ya ware wanda ya ƙone, ya ware wanda ya ci ƙasa. Abin da ya rage ya narka ya zuba masa tukunya.

Ranar Juma'a da yamma Injiniya ya isa gidan Madam. Mata sun cika tsakar gida suna yanka albasa, ga buhunan shinkafa jingine, ga murhu an haɗa, tukunya kawai ake jira. Madam ta leƙa bayansa tana neman mai baro. Shi kuwa ya sa hannu a aljihun riga ya fito da 'yar tukunyar da ƙwai biyu za su yi mata yawa.

"Madam, ga ta. Ta ɗan rame, amma sabuwa ce fil."

Ya yi bayani tun daga tsumma har Malam Gana. Madam ta karɓa, ta juya ta, idonta ya kawo ruwa. Ta ɗebi ruwa a bokiti ta zuba a ciki ta ɗaga sama. Kowa ya zuba ido. Can sai ga ɗigo a gindin, ɗis, ɗis.

Fuskar Injiniya ta washe. Ya miƙa hannu.

"Wannan ƙaramin aiki ne, Madam. Kawo, injin yana gida."

Madam ta rungume tukunyar a ƙirji.

"A'a, mijin Ni'ima, bar min hudar. Ita kaɗai ta rage min a gadon uwata."