Sarkin Ruwan Sharafiyya

A wani shagon tsofaffin littattafai a unguwar Hindawiyya na sayi taswirar, kuma ta girme ni. Makiyayar raƙuma ce can gabas da Jidda, an zana kowane tudu da kwari, ga wani shuɗin layi ya ratsa tsakiyarta. Kwana uku ina nazari, na yanke hukuncin kogi ne. Ni da aka haifa a Jidda!

Ranar Juma'a na kwashi iyali, har da surukina Baba Idi, tsohon makiyayin raƙuma.

Matata ta ce, "Abu Hanan, mu ƙara ruwa."

Na ce, "Kogi za mu, mu kai masa ruwa?"



Muka isa, babu komai sai yashi da ƙaya, ga yara suna kukan ƙishirwa. Baba Idi ya karɓi taswirar, ya daɗe yana kallo.

"Ba ta yi ƙarya ba, ɗana. Ruwa yakan bi ta nan, ranar da Allah ya yi ruwan sama. Halas, shi ke nan."

Sannan ya jawo jarkar ruwan da ya ɓoye a bayan mota.

Har yau, duk ranar da famfo ya ɗauke a gidanmu na Sharafiyya, sai ya ce, "A kira Sarkin Ruwa, ya zo da takardarsa."