Ranar Da Wutsiya Ya Bar Kakarsa A Gidan Mai

"A'a, maigida, sannu da zuwa! Sai yanzu? Ai har na fara yi maka takaba."

Kakar Wutsiya ce ta tarbe shi da wannan. Ya kafe babur, ya tuɓe hular kwano, ya tsaya baki buɗe yana kallon kakarsa. Ga ta daram a gindin mangwaro, 'yan ƙungiyarsu ta masu babura sun kewaye ta, wannan na yi mata fifita, wancan na buɗe mata lemo.

Duk fitar da suke yi ƙauyuka a ƙarshen mako, shi ke bin baya don kada a bar kowa a hanya, shi ya sa suke ce masa Wutsiya. Yau ne kuma Jagora ya yi alkawarin ba shi rigar ƙungiya, rigar da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kanta. Tsautsayi ya sa ya ɗauko tsohuwar zai sauke ta wajen ƙanwarta. Aka tsaya shan mai, aka tashi, gogan naka ya ƙirga babura ya ga sun cika, ya ba wuta. Kaka kuwa ba babur ba ce, ba ta shiga lissafi ba.

"Kaka! Kina raye?"

"Ka so ba haka ba ko? Gadon da kake jira bai nuna ba."

"Wallahi sai da na yi nisa na ji bayana shiru, ba mai zagina. Na kai hannu, wayam! Na juya gidan mai, babu ke. Babu ramin da ban leƙa ba a burjin nan. Har wani baƙin buhu na ɗaga ina salati, ina cewa Kaka yafe ni."

"Buhu? Ni ce buhu?"

"Ai da na ji nauyinsa na san ba ke ba ce. Ke ko iska mai ƙarfi sai ta kai ki gida kyauta."

"Ku ji min mijin wahala! An ba shi tsaron garke, ya yar da matarsa."

"To wai ya aka yi kika riga ni zuwa? Tashi sama kika yi? Dama na daɗe ina zarginki."

"Na fito daga alwala na ga duk kun kifa baƙaƙen tukwane a ka, ba a gane na kirki da na banza. Na ga wani yana murza babur, na ce ga raggon mijina nan. Na haye, na ce ja mu je."

"Wane ne?"

Ta nuna da kwalbar lemo. Wutsiya ya bi kwalbar da ido. Jagora ne zaune a gefe yana matsa kafaɗa, mutumin da ko ƙura ba ya yarda wani ya goge wa babur ɗinsa.

"Innalillahi! Babur ɗin Jagora kika hau?"

"Ya waiwayo zai yi magana, na ƙwanƙwashi tukunyar, na ce rufe min baki ka dubi gabanka."

"Kin buge shi?"

"Duk inda ya rage gudu. Na ce ko akuya mai ciki ta fi ka hanzari."

"Na shiga uku. Kaka, ki ce min iyakarta ke nan."

"Sai 'yar hirar miji da mata. Na tuna maka fitsarin kwancen da ka yi ta yi har ka fara gemu."

"Ƙarya ne, jama'a! Tsufa ne ke damunta!"

"Na kuma ce, wannan Jagoran naku da kake cewa sanƙonsa ya fi fitilar babur haske, yau sai ka nuna min shi."

Wuri ya kaure da dariya, har wani ya ƙware da lemo. A raunane Wutsiya ya ce, "Yaushe kika gane ba ni ba ne?"

"Da ya cire hular. Haske ya kashe min ido, na ce to, ashe yaron bai yi ƙarya ba."

Jagora ya taso da rigar a hannu, fuska ba annuri. Ya ce, "Wutsiya, dokarmu guda ce, ba a barin mutum a hanya. Kai kuwa wadda ta haifi uwarka ka bari. Kaka, ke aka yi wa laifi. In kin ce a ba shi, a ba shi. In kin ce a'a, ya ƙara shekara."

Wutsiya ya zube a gabanta. "Amaryata! Sarauniyar mata! Wa ya ce kin tsufa?"

"Kai, yanzun nan."

"Sharrin rana ne."

Ta karɓi rigar ta jujjuya, ta ce za ta yi kyau da shimfiɗar kaji. Sai ta dube shi da kyau. Wandonsa duk ƙaya da taɓo, idanu jawur. Tausayinsa ya kama ta.

"Kuka ka yi?"

"Iska ce."

"A cikin tukunya rufaffiya?"

Ya sunkuyar da kai. Ta wurga masa rigar a fuska tana dariya.

"Ungo, raggo. Wanda ya bi ramuka yana hawaye saboda tsohuwa ba zai bar ku a daji ba. Amma aure ya mutu, na yi sabon miji. Sauran hanyar ma bayan mai sanƙo zan hau."

Jagora ya dafe kafaɗa da sauri. "Wutsiya, don girman Allah saka rigar nan ka ɗauki matarka."