Ranar da Na Yi wa Kitsen Hanta Guɗa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi guɗa a ɗakin likita ba, ni da furfurata.

Shekarar nan ce da kwanon gero ya gagari talaka. Duk ƙauyenmu an rame, sai ɗana Sale, mai dillancin hatsi a Dawanau, shi kaɗai ya ajiye tumbi. Ni kuwa na ga yunwar farin da aka yi a shekarun baya, na binne 'ya'ya biyu a cikinta, don haka a wurina ƙiba ita ce lafiya. In ya zo ranar Juma'a, sai in ture kwanon matarsa Hajara gefe, in malala masa man shanu a tuwo, in dama fura in zuba sukari har ludayi ya yi nauyi. (Lemon kwalba kuwa ƙarƙashin gado nake ɓoye masa, kamar tsarabar Makka.)

Da ya fara kasala da ciwon gefen dama, muka tafi asibiti a birni mu uku, ni da shi da Hajara. Aka yi hoton ciki. Likita ya ce, "Alhaji, kitse ya cika maka hanta."

To ni shekara hamsin ina gyaran kayan cikin ragon layya. In na ga kitse ya lulluɓe, na san dabba ta ci ta ƙoshi. Sai na kama hanci na rangaɗa guɗa. "Alhamdulillahi! A wannan tsadar!"

Sale ya ce, "Inna, don Allah."

Likita bai yi dariya ba. (Da ma a ce ya yi.) Ya ce, "Iya, hanta ƙananan ɗakuna gare ta kamar saƙar zuma. Kitsen nan cikinsu yake shiga, su kumbura, su mutu, wurin ya zama tabo. Waɗanda suka ji rauni kuma ba sa iya fitar da kitse, sai ya ƙara taruwa. In aka ci gaba, hantar za ta daina aiki. Wa ke ba shi maiƙo da zaƙi haka?"

Hajara ta dubi sama. Sale ya dubi takalminsa. Ni ce na ɗaga hannu, hannun nan da na kama hanci da shi.

Yanzu kwaɗon zogale nake ba shi, ba mai. Tumbin ya zube, likita ya ce hantar tana farfaɗowa. Maƙwabta na raɗa wai kasuwa ce ta karye masa, ni kuwa ban fasa zogalen ba. Sai da na tsufa na gane ɗana ba ragon layya ba ne. Shi rago ai ba don ya daɗe ake kiwonsa ba.